Hajiya Kubura Tani, Wadda Ta Bar wa Maraƙi Dakashinsa

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Hajiya Kubura wata ranar Litinin cikin damunar shekarar 1952, a Tudun Maƙera ta ƙasar Bebeji, ƙauyen da yau in mutum yana son ziyartarsa sai dai ya hau kwalekwale, domin yana can ƙarƙashin ruwan Tiga. Albarkacin ranar ne aka yi mata laƙabi da Tani. Mahaifinta Malam Abdulmumin manomin dawa ne da gyaɗa, mahaifiyarta Furera kuwa ta fito daga gidan kiwo, saboda haka yarinyar ta iya riƙe ƙwaryar tatsa tun kafin ta iya ɗaura zane da kyau.

Ta yi karatun allo a zauren limamin ƙauyen har ta kai izu goma. Boko kam bai iso musu ba a wancan zamani, sai da ta manyanta ta shiga ajin yaƙi da jahilci.

Aure da tashi daga Tudun Maƙera

A shekarar 1970 aka ɗaura aurenta da Malam Buba, manomi mai haƙuri da ƙarancin magana. Ranar tarewa mahaifiyarta ta ba ta karsana guda, ja mai farin tabo a goshi, wadda ake kira Mai Goshi, ta ce mata jinin shanun kakarta ce, kada ta bari iri ya yanke a hannunta.

Da aka gama madatsar ruwa aka tashi mutanen ƙauyen a shekarar 1974, kowa ya loda kayansa a mota, amma ita Tani da ƙafa ta taka zuwa sabon matsuguni, goyo a baya, igiyar Mai Goshi a hannu. Allah bai nufa Furera ta daɗe a sabon wurin ba, kabarin kakanni kuma ruwa ya rufe, sai ya zama ba abin da ya rage wa Tani na gida face wannan saniya da 'ya'yanta.

Shekarun asara

To, a tsohon ƙauye ƙasa tudu ce, garke yana zagaya gonaki, inda ya kwana bana ba nan zai kwana baɗi ba. A sabon wuri kuwa fili ya yi kaɗan, ƙasa ga danshi, dangwalin da ake ɗaure maruƙa yana kafe a gu ɗaya shekara da shekaru, ruwan shansu na kududdufi ne. Sai maruƙa suka fara mutuwa. Maraƙi zai faɗo lafiya lau, kafin ya yi mako sai zawo fari ko rawaya ya kama shi, ido ya zurma, baki ya bushe, ya kwanta bai ƙara tashi ba. Wanda ya ɗan tasa kuma sai zazzaɓi da zawo mai jini. An yi jiƙo, an yi turare, an sha zargin baki da iskar bakin ruwa, abin bai tsaya ba.

Akwai kuma wata al'ada da mutanen Tudun Maƙera suka taho da ita suna ji da ita ƙwarai. Idan saniya ta haihu, sai a tatse dakashi, wato nonon farko mai kauri, a dafa shi har ya daskare, a yayyanka a aika gida-gida. Da shi ake sanar da maƙwabta an samu ƙaruwa, wanda aka tsallake kuwa ya san an yi fushi da shi. Tani ta yi suna wajen wannan rabo, ba ta taɓa manta kowa ba.

Zuwa shekarar 1998 saniya ɗaya tak ta rage daga zuriyar Mai Goshi, ga ta da ciki. Malam Buba, wanda bai cika yanke magana ba, ya ce in wannan maraƙin ma ya bi 'yan'uwansa, zai kai uwar kasuwa ya sayo injin ban-ruwa, a huta da binne maruƙa.

Zuwan malamar dabbobi

A wannan shekara ce wata malamar dabbobi mai suna Hamdiyya ta zo yi wa shanun yankin rigakafi. Tani ta tare ta da ƙwaryar fura, ta zayyana mata komai. Malamar ta duba dangwali, ta duba kududdufi, ta ɗebi kashin wani maraƙin maƙwabta da ke kwance ta tafi da shi awo. Da ta dawo ta bayyana cewa ƙwayoyin cuta ne na bakteriya, waɗanda ido ba ya gani, suna zaune cikin kashi da taɓo da gurɓataccen ruwa, su bi ta baki su sauka hanjin maraƙi, har yaran gida suna iya ɗauka in ba a wanke hannu. Ta ƙara da cewa maraƙi yana zuwa duniya ba shi da garkuwar jiki, garkuwarsa tana cikin dakashin da zai sha da zarar ya faɗo.

Tani ta ce, "Malama, ashe maganinsu muke dafawa muna rabawa." Malamar ta ce, "Shi ne, Baba."

Haihuwar da ba a yi rabo ba

Da kaka saniyar ta haifi 'yar maraƙa. Tani ta riga ta tumɓuke dangwali ta mayar da shi kan tudun bayan gida, ta shimfiɗa busasshen kara, ta tanadi ruwan rijiya. Ta tallafi 'yar maraƙar da hannunta ta kai bakinta ga nono, ta tsaya har ta ƙoshi. Ƙwaryar tatsa tana kife.

Kafin la'asar labari ya zagaye unguwa. Juwairiyya, yayar Malam Buba, mace mai kaifin harshe, ta shigo ko sallama ba ta ƙarasa ba ta ce, "Tani, an ce yanzu maraƙi ya fi maƙwabci a gidan nan. Ko shi zai zo miki barka in 'yarki Badiyya ta haihu?" Tani ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce, "Yaya, ke in kin rasa dakashi kya ci tuwo. Ita fa, me za ta ci?"

An yi mata tsegumi sosai, wasu suka daina aiko mata da ƙosan sadaka, yara suna ce mata Tani mai rowar dakashi. Abin ya yi mata ciwo, ita da ba ta saba a wuce ƙofarta ba. Ana cikin haka 'yar maraƙar ta ɗan yi zawo, hankalin gidan ya tashi, amma ta yi ta ɗura mata ruwan gishiri da gulukos kamar yadda aka koya mata, ba ta kuma hana ta nonon uwa ba, har ta miƙe. Da ta yi ƙwari, Tani ta kafa kindirmo ta aika kowane gida, ta fara da na Juwairiyya. Malam Buba bai sake tayar da zancen kasuwa ba.

Shekarun girma

Daga nan mata suka riƙa zuwa a ɓoye, daga baya a fili, suna tambayarta yadda ta yi. Har Ɗansoshiya da Dangora an sha ɗaukarta a babur ta je ta duba dangwali, ba ta kuma taɓa fasa cewa ilimin na Malama Hamdiyya ne, ita aro ta yi. Malam Buba ya rasu a shekarar 2009. A 2012 ta sauke farali.

Rasuwa

Allah Ya yi wa Hajiya Kubura rasuwa ranar Alhamis cikin watan Sha'aban, a shekarar 2021, bayan gajeriyar jinya, aka yi mata sutura aka kai ta makwancinta a maƙabartar garin bayan sallar azahar. Ana zaman makoki wata saniyarta ta haihu, sai wata baƙuwa cikin dangi ta ɗauki ƙwarya za ta tatso dakashi a dafa wa masu ta'aziyya. Juwairiyya, wadda tsufa ya riga ya ranƙwafar, ta ɗaga sandarta ta tare ƙofar garke, ta ce, "Ajiye ƙwaryar nan, 'yar nan. Mu kam ma ci tuwo."

Ta rasu ta bar 'ya'ya huɗu: Alhaji Ghali, manomin rani a bakin Tiga, da Badiyya da ke aure a Kiru, da Mudassir, malamin makaranta a Tudun Wada, da autarta Ramla, sai jikoki masu yawa. Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka kabarinta. Maraƙin da aka haifa ranar makokin ya rayu, ja ne, da farin tabo a goshi.