Tulun da Mama Rifkatu ta kawo mini

Jiya ina cikin shanya shinkafa a ƙofar gidana a Bagudo, sai ga Mama Rifkatu, shugabar zumuntar matanmu, ta sauko daga kan babur rungume da tulu.

Tulun da nake kaɗawa ne idan muna waƙa a coci. Wata takwas rabona da shi, tun ranar da zuciya ta ɗebe ni na zage ta a gaban mata, wai don ta canza waƙar da na zaɓa. Kunya ta hana ni komawa, har addu'a ma na daina.

Na durƙusa na ce, "Mama, ni da na ci mutuncinki? Ku ba wata."

Ta ce, "Mun ba mata uku, ɗiyata, duk sun ɓata muna waƙa. Ni na yafe tun ranar, Yesu kuwa ya riga ni. Ke kaɗai kika rage ba ki yafe wa kanki ba."

Ta ɗora mini shi a cinya. Na buga sau ɗaya. Muryarsa tana nan yadda na bar ta.

Ran Lahadi zan je.

Ku fa, da kuka yi tuntuɓe kuka faɗi, wa ya biyo ku har gida?