Ranar da Goggo Luvenia Ta Ce An Kira Dangi

Goggo Luvenia Gaddis, yayar mahaifinmu, ba ta taso da niyyar yin sana'ar beli ba. Girki ta iya. Tun tana budurwa ake kiranta gidan biki da gidan makoki saboda kek ɗinta na dankali, wanda har fasto yakan sa a ɓoye masa yanki kafin a fara rabo. Aure ne ya kai ta ofishin nan mai ɗaki ɗaya da ke kallon ƙofar kotu a ƙaramin garinmu na Mississippi, tsakanin shagon aski da na mai facin taya. Mijinta Alonzo ne mai wurin. Da ciwon zuciya ya ɗauke shi, sai ta ja kujerarsa ta zauna, don ba ta da wata hanyar ci sai wannan.

Aikin kowa ya san shi. Alƙali ya yanka wa mutum kuɗin belin da ko ya sayar da duk abin da ya mallaka ba zai haɗa ba, sai danginsa su tsallaka titi su zo wurin Goggo. Su ba ta kashi goma cikin ɗari, wanda ya tafi ke nan ko da daga baya an wanke mutum, ita kuma ta tsaya wa kotu a kan sauran. In kuɗin da nauyi, sai a ajiye mata jingina, mota ko fili ko takardar gida. Mutum ya halarci kotu, kowa ya huta. In ya gudu, kotu ta ba ta wa'adi: ko ta kawo shi, ko ta biya duka, ita kuma ta koma kan jinginar.

Sauran masu sana'ar suna taƙama da bindiga da manyan alluna a bakin hanya. Ita Goggo kicin ɗin mutane ta sani. Ta san wace ce innar wa, wa ya yi fushi da wa, wane ne ba zai iya wata guda bai ji muryar uwarsa ba. Takan ce ita ba ta neman wanda ya gudu, uwarsa take zuwa gaisarwa. Sau da yawa kafin ta gama shan shayin da aka ba ta, mai gudun ya fito daga ɗaki yana sosa ƙeya.

Mama Ozella Mayes tana cikin tsofaffin da ke zama layin gaba a coci da farar hula. Ita ta koya wa Goggo murza ƙullu tun tana 'yar yarinya. Wata safiya ta shigo ofis tana dogara sanda, da takardar gidanta a naɗe cikin rigar filo. An kama jikanta Cornell, wanda ta raina tun yana jariri, ana zargin shi ya yage wayoyin tagulla a wata masana'antar gyaran tarwaɗa da aka rufe.

"Mama, gida ne fa," in ji Goggo. "Ki koma ki ƙara tunani."

"Tunanin da na yi ne ya kawo ni. Yaron da ko kyankyaso ya gani sai ya hau kujera, shi zai shiga kangon masana'anta?"

"In ya ƙi zuwa kotu fa?"

"Sai ki zo ki ɗauke ni a madadinsa. Ba ni biro, Luvenia. Kin cika surutu kamar mijinki, Allah ya ji ƙansa."

Cornell bai ƙi zuwa ba da farko. Yakan sa farar riga ya je ya wuni a benci, a ce an ɗage. Ya sake zuwa, a sake ɗagewa. Mai gidan da yake wa aiki ya gaji da ba shi hutu, ya sallame shi. Ana cikin haka ya ji ana ɗaukar masu walda a wurin ƙera jiragen ruwa can bakin teku, ya tattara ya tafi. Ranar da aka kira sunansa a kotu, shiru.

Da wa'adi ya fara matsowa, Goggo ta je gaisuwa yadda ta saba. Ta tarar da Mama Ozella a barandar gidan, ƙafafunta da ciwon suga ya kumbura suna cikin roba da ruwan ɗumi. Ta kwana biyu ba ta iya zuwa coci ba.

"Mama, ki ba ni lambarsa. Na san kuna magana."

"Shi ke kira, da wayar mutane. Ba ni da lamba, ko ina da ita ma ba ki gani. Yana turo min kuɗin magani, abin da kotunku ba ta taɓa yi ba."

"In bai zo ba dole in biya, kuma ba ni da abin biya sai gidan nan."

"To ki ɗauka mana. Katako ne da kwano."

"Ki tafi ina da wannan ƙafa?"

"In tare a ofishinki, in riƙa amsa miki waya." Tsohuwar ta yi dariya, sannan ta ɗago ta dube ta sosai. "Ki ɗauki gidan, ki bar min yarona. Da bakina na faɗa miki, kada gobe ki ce ba ki ji ba."

Goggo ta koma da maganar tana cin ta. Ta riƙa ganin ranar da za a fito da gadon Mama Ozella da hotunan 'ya'yanta a jibge bakin titi, gari duka yana kallo, ana cewa ga aikin Luvenia. Ta kuma riƙa ganin ƙofar ofishinta a garƙame in ta kasa biyan kotu. Har ta tsufa ba ta iya raba waɗannan biyun ba, ta ce wannan ne ya fi nauyi a ranta.

A cocinmu, bayan waƙa ta biyu, 'Yar'uwa Idella ke tashi ta karanta sunayen marasa lafiya, ƙaramin gidan rediyon gari kuma yana watsa sujadar kai tsaye. In aka ce wance tana gida ba lafiya, addu'a kawai ake nema. Amma in aka ce "an kira dangi", to likita ya cire rai, duk mai jinin mutumin ya kama hanya, ko yana Chicago ko yana Memphis. Ba a wasa da wannan magana, ba a kuma tambayar wa ya faɗa.

Ran Lahadi kafin a shiga, Goggo ta tsare Idella a kicin ɗin coci, ta rage murya.

"Ki sa Mama Ozella. An kira dangi."

"Wayyo Allah!" Idella ta dafe ƙirji. "To sai ki fara neman dankali, 'yar'uwa."

Ba ta yi shakka ba, don Goggo ce kullum ke fara jin irin wannan labari. Da aka karanta sunan, coci ya ɗauki gunji, mata suka fara share hawaye. Goggo tana zaune, idonta a kan takalminta.

Abin da ta manta shi ne, wanda bai iya zuwa coci ba rediyo yake kunnawa. Mama Ozella ta ji sunanta da kunnenta, ta kuma gane nan take. 'Yan dubiya da suka ruga bayan an tashi sun same ta zaune tana cin burodin masara da madara, tana roƙon kowa ya nemo mata hanyar da za ta tsayar da Cornell. Amma labarin ya riga ya bi waya, daga wannan baki zuwa wancan, har bakin teku.

Washegari da hantsi Cornell ya iso cikin motar aro, da takalman aikinsa a ƙafa. Goggo tana cikin mota a gindin bishiyar da ke tsallaken titi, tare da Roscoe, ƙaton da take haya in kamu ya zo. Mama Ozella kuwa tun asuba ta sa aka fito mata da kujera baranda. Tana hango shi ta ɗaga sanda.

"Koma! Koma, ɗan nan, lafiyata ƙalau!"

Cornell ya tsaya cak a tsakar fili. Ya zo da shirin ganin gawa, ga ta tana masa ihu. Ya fashe da wata dariya mai haɗe da kuka, ya nufi matakala da gudu. Ƙafarsa ɗaya tana kan ta farko Roscoe ya riƙe shi ta baya.

"Roscoe," in ji Goggo, "bar shi ya gaishe ta."

"Ya shiga ta gaba ya fita ta baya, ke za ki bi shi da wannan takalmin naki?"

Da Goggo ta sake magana, da Roscoe ya sake shi, don ita ke biyansa. Ba ta sake ba.

Cornell ya juyo ya gan ta. "Anti Luvenia, ke ce? Duk hanya kuka nake, har sai da na tsaya gefen titi don ba na ganin gabana."

Mama Ozella ba ta zage ta ba, ba ta yi mata baki ba. Ta miƙa hannu, tazarar ta fi ƙarfin hannun, ta mayar da shi cinya. Ta bi motar da ido har ta sha kwana.

Gida ya tsira. Goggo da kanta ta mayar da takardar, cikin rigar filon da ta zo da ita. Tsohuwar ta ce ta ajiye a matakala. Alƙali kuwa ya ninka belin Cornell, kuma babu mai sana'ar da ke tsaya wa wanda ya taɓa gudu, har Goggo, don kamfanin inshorar da ke mara mata baya ba zai yarda ba. Ya zauna a gidan yarin gunduma yana jiran shari'a, aka cire auduga, sanyi ya shigo ya wuce, yana nan.

A cikin sanyin nan ciwon Mama Ozella ya tashi da gaske. Da Idella ta sake karanta cewa an kira dangi, mutane suka dubi juna. Na nesa suka riƙa bugo waya suna tambaya ko wannan karon gaskiya ne. Ƙanwarta ta Chicago ta tsaya sai ta tabbatar, ta iso an riga an rufe wa Mama Ozella ido. Goggo ta je wurin shugaban gidan yari ta roƙi a kai Cornell ko da ankwa ne ya ga kakarsa.

"Malama Gaddis," ya ce, "ke kika kawo mana shi a matsayin mai gudu. Yanzu in fitar da shi?"

Ranar jana'iza ta tashi da wuri ta gasa kek ɗin dankali, irin wanda marigayiyar ta koya mata, ta kai zauren coci inda za a ci abinci bayan an dawo daga maƙabarta. Idella ta tare ta a ƙofar kicin, ba ta ko kalli farantin ba.

"Ta bar saƙo. Ta ce kowa ya kawo abin da ya samu, ban da naki."

Goggo ta juya da farantinta. Ta zauna can baya aka yi sujada, ta bi gawa daga nesa, sannan ta wuce gidan yari. Ba a shiga da abincin waje, ta bar shi a mota. Aka kawo Cornell bayan gilashi, ya rame, ya daɗe yana kallonta kafin ya ɗauki wayar da ake magana da masu ziyara. Duk dangi suna wurin cin abinci, ita kaɗai ta zo.

Ta ba shi labari tun daga farko. Ta ce an sa wa kakarsa farar rigarta mai leshi a wuya, da hularta. Ta faɗa masa waƙar da aka rera, da yadda fasto ya ambaci sunansa, da waɗanda suka ɗauki akwatin, da cewa an sa ta kusa da kakansa a gefen da rana ke fara taɓawa. Ya saurara bai katse ta ba.

"Ta tambaye ni?"

"An ce har ƙarshe."

Ya goge fuska da hannun riga. "Gidan fa?"

"Yana nan. Naka ne, ba wanda zai taɓa shi."

"To kin yi aikinki, Anti Luvenia," ya ce, ya ajiye wayar a hankali.

Da bazara aka kori ƙarar, don wanda zai ba da shaida a kansa ya bar gari. Cornell ya fito ya koma gidan kakarsa, ya yi masa fenti, daga baya ya yi aure a ciki.

Goggo ta ci gaba da buɗe ofis, don ci dole ne. Ba ta taɓa cewa sana'arta mugun abu ce ba. Takan lissafo uwayen da ta mayar wa 'ya'yansu gida ranar da aka kama su, kuma gaskiya take faɗa. Amma shekaru bayan haka, da aka fara maganar a daina tsare talaka kan ƙaramin zargi don kawai ba shi da kuɗi, a sake shi a riƙa tuna masa ranar kotu ta waya, masu sana'ar beli suka yi hayar bas za su je babban birnin jiha su nuna ƙin amincewa. Suka tsaya ƙofar ofishinta suna danna hon. Ta leƙo ta ce gwiwarta na ciwo, su gaida mutanen can.

Mu 'ya'yan ƙannenta ta koya mana kek ɗin, ba ta ɓoye mana komai ba, amma ita ba ta sake gasa shi don makoki ba. Akwai hanya mafi kusa daga gidanta zuwa coci, duk da haka ta layin su Cornell take bi kowace Lahadi, ta rage gudu daidai gidan. In yana baranda ya ɗaga mata hannu, ita ma ta ɗaga. Matarsa ta taɓa cewa ta shigo ta sha ruwa. Goggo ta yi godiya daga cikin mota, ta dubi matakalar nan, ta ce za ta makara sujada.