Idon Ruwan Dakta Almu

Ina cikin bas a Aldwych, nan London, a hanyata ta zuwa asibiti, Hajiya Rabi ta kira ni. "Yaya Sani, abokinka ya cika da safen nan." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Har na wuce inda zan sauka ban sani ba.

Mijinta, Dakta Almu, abokin aikina ne, likitan yara, haifaffen Agadas. Rabin rayuwarsa a Tottenham ya yi ta, amma zuciyarsa ba ta taɓa saukowa daga duwatsun Azbin ba. Duk shekarar da hanya ta yi lafiya sai ya kwashe mu, mu Kanawa masu tumbi, ya kai mu hawan dutse can Azbin. Muna haki yana dariya: "Ku da kuka iya escalator, matakalar lantarki? Ai wannan yayansa ne."

A can na san ko shi wane ne. Bai yarda a sari ɗanyen itace ba, ko da za a rasa shayi. In mun tashi daga zango shi ne na ƙarshe, yana binne toka, yana tsince leda har da wadda ba mu muka yar ba. Ya taɓa riƙe hannun ɗayanmu da zai sa sabulu a tafkin dutse. "Kai gobe kana London. Raƙumi da mai shi nan za su sha."

Akwai wani idon ruwa can cikin kwazazzabo, wanda kakarsa ta nuna masa yana yaro. Ya ƙi a sa shi a taswirar waya, don gudun motoci da masu haƙar zinariya. Ya ce wurin ba a kwatanta shi da baki, sai dai a kai mutum da ƙafa. Bara ya kai ni rabin hanya, gwiwata ta ƙi. Watan jiya ya tare ni a barandar asibiti. "Na yi mana booking ɗin jirgi, Sani. Ka lallaɓa gwiwar nan, ina so wani ya san hanyar a bayana."

Mun binne shi a nan, cikin yayyafi. Yanzu babu ko ɗaya a cikinmu da ya san inda ruwan yake, har 'ya'yansa. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Allah Ya jiƙan Almu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sanyaya makwancinsa. Allah Ya ba Hajiya Rabi da yara haƙurin rashinsa. Ruwan nan kuma, ya Allah, Ka ci gaba da ɓoye shi daga maɓarnata, Ka nuna shi ga mai ƙishirwa.