Baya Hagu

Mai Kunne ake ce masa, duk da kunnuwan nasa biyu ne kamar na kowa, kuma ba su fi na kowa girma ba. Ya samo sunan ne a layin masu kayan sauti, inda yake da ɗan shago mai faɗin taku uku, cike da wayoyi a nannaɗe da sifikun da masu su suka manta da su. Aikinsa haɗa wa mutane sauti a falo: sifika uku a gaba, biyu a baya, da ƙatuwar wufa a ƙasa mai sa gilashin taga rawa. Biyar da ɗaya ke nan a bakin 'yan sana'ar. In ya gama da falonka, jirgi ya tashi a fim, sai ka waiwaya ka duba bayan kujera.

Mutum ne mai taurin kai, kuma ba ya ɓoyewa. Da aka shigo da na'urori masu ɗan makirfo da ke auna ɗaki da kansu, cewa ya yi wannan na malalata ne. Shi zai ja kujera zuwa tsakiyar falo, ya cire hula, ya rufe ido, ya ce a matsar da sifikar dama da yatsa biyu. A matsar ɗin kuwa, kowa ya ji bambanci. Sauti ya koma bakwai da ɗaya, daga baya har silin aka fara hudawa ana cusa sifiku, duk ya koya yana mita, amma hanyar gwajinsa ba ta taɓa canzawa ba.

Faifan gwajin da ke zuwa a kwali muryar wani baƙo ce, tana kiran kowace sifika da harshen da rabin masu gidajen ba sa ji. Wannan ya dame shi. Wata rana da hantsi, shekara ashirin da huɗu da suka wuce, ya aro na'urar ɗaukar murya ya tare matarsa a tsakar ɗaki, ya ce ita za ta kira masa sifikun. Ta ce shi dai bai rasa abin ɗora mata ba, wanki na jiranta. Duk da haka ta zauna, ta gyara ɗankwali kamar hoto za a ɗauka, ta ce gaba hagu, tsakiya, gaba dama, baya dama. Da aka zo kan wufa kuwa ta ce wannan sai muryarsa ta kwaɗo, shi ya yi gurnanin da kansa. Saura guda, sai jaririyarsu ta yi motsi a kan gado. Matar ta sauke murya can ƙasa ta ce: "Baya hagu. To ƙyale ni haka, za ka tashe min yarinya." Ta yi wata 'yar dariya ta hanci.

Da wani abokinsa mai situdiyo ya zo rarraba muryar, kowace kalma a sifikarta, ya so ya yanke wannan wutsiyar. Mai Kunne ya hana. Ya ce sifikar da ta fitar da raɗar nan tsaf, har da dariyar, ba ta da sauran magana. Dalilin aiki ya bayar, kuma gaskiya ne, sai dai ba shi kaɗai ba ne dalilin.

Haka muryarta ta shiga gidaje ɗaruruwa ita tana gida. Takan tsokane shi in ya dawo, ta tambaya yau falon wa ta kwana. Shekara shida ke nan da ta rasu, bayan jinyar wata uku. 'Yarsu, wadda yanzu ta yi aure, ta zaci zai ajiye faifan. Maimakon haka ya kwafe shi a filashi uku, ɗaya a aljihu, ɗaya a shago, ɗaya a cikin akwatin kayan marigayiyar. Ya yi tanadin karcewa da ɓata da sata. Duk falon da ya haɗa, in an zo gwaji, sai ya ce kowa ya yi shiru, matarsa ta zagaya ɗakin sau ɗaya, ta ƙare a bayan kafaɗarsa ta hagu. Wannan minti ɗayan shi ya sa bai bar sana'ar ba, ko da gwiwa ta fara ƙin tsani.

Alamu sun daɗe suna zuwa, shi ne bai karɓe su ba. 'Yarsa ta ce ya cika ƙure rediyo, ya ce gidajen rediyon ne suka lalace. Maƙwabcinsa a layi ya ce sai an kira shi sau uku, ya ce mutanen yanzu a ciki suke magana. A gidaje biyu na baya ya ɗan ƙara wa sifikar baya ta hagu ƙarfi, yana zagin kamfanonin zamani da ha'inci.

Sai wata mai shagon magani ta kira shi sabon gidanta. Falo ne mai tayil, babu labule tukuna, ga kwalaye a jingine. Ya yini yana jan waya ta cikin bututu, ya daidaita tsayin sifikun baya da kunnen mai zama, ya tura wufa kusurwa. Wajen la'asar ya sa filashin gwajin, ya ja kujera tsakiya, ya cire hula, ya danna. Gaba hagu ta amsa, tsakiya ta amsa, gaba dama, baya dama, gurnaninsa na ƙuruciya ya girgiza tayil. Ya karkata kai yana jira. Babu komai.

Bai ko yi mamaki ba, waya ce. Ya sauko da sifikar, ya fere bakin wayar, ya murɗa, ya mayar. Shiru. Ya auna da mita, wuta na zuwa. Ya ƙara mata ƙarfi, babu labari. Ya musanya ta da ta dama, nan ma shiru, don haka ya yanke hukunci cewa amfilifaya, na'urar da ke raba wa sifikun sauti, ita ce ta zo da ƙonannen layi. Ransa ya ɓaci sosai. Ya shaida wa matar gidan cewa an cuce ta, a mayar da kayan gobe, shi da kansa zai raka ta ya ga wanda ya sayar. Don ta gani da idonta ya sake dannawa, ya nuna mata sifikar da yatsa.

Matar ta tsaya da kofin ruwan da ta kawo masa. Ta dubi sifikar, ta dube shi.

"Baba," ta ce a hankali, "ai tana magana."

Ya ce ƙarar ta dama ce take dawowa daga bango, falon babu labule.

"A'a, Baba. Cewa ta yi a ƙyale ta, za a tashe mata yarinya."

Wannan matar ba ta taɓa jin faifan ba sai yau, kuma bai gaya mata abin da ke ciki ba. Ya zauna a kan kwali, sukuddireba a hannunsa. Shekara arba'in yana tsugunne gaban wufa, yana kara kunne a sifiku don neman tsatsa, bai taɓa kawo wa ransa cewa abin da yake aunawa da shi ma yana cinyewa ba. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba tun ranar da likitan matarsa ya kira shi gefe a asibiti. Filashi uku ya tanada, ga shi duk ukun lafiyarsu lau.

Matar ta ce akwai likitan kunne kusa da shagonta, akwai ɗan abin da ake maƙalawa, mutane da yawa suna samun sauƙi. Ya gyaɗa kai. Shi da ya san sauti ya san abin da ƙaramar na'ura ke yi wa raɗa: za ta ɗaga ta, ta ƙeƙasar da ita, ta koma muryar kowa. Ya tashi ya mayar da sifikar inda take, ya rage ƙarfin da ya ƙara mata, ya ba matar gidan haƙuri kan zagin mai kayan da ya yi. Abin da ya rage shi ne gwajin ƙarshe, kuma bai taɓa barin gida ba tare da shi ba.

Ya ja kujerar ya daidaita ta a tsakiya, ya ce ta zauna. Shi kuma ya tsaya a baya, ya ɗora tafin hannunsa a fuskar sifikar, ya danna. Muryar ta zagayo. Da ta iso, ya ji ɗan motsi a ƙarƙashin yatsunsa, gajere, sannan wani ya biyo shi.

"'Yata," ya ce, "ta yi dariyar?"

"Ta yi, Baba."

"Ta fito tsaf?"

"Tsaf."

Ya ce to aiki ya yi kyau. Ya sa hularsa, ya naɗe ragowar wayar, ya zare filashin ya jefa a aljihu. Ya kai bakin ƙofa matar ta bi shi da sannu da aiki har sau biyu, bai waiwayo ba.