Na Je Diffa Duba Wadda Ta Fi Lafiya

Damagaram

Ba a kira assalatu ba na bar gida da 'yar jakata, zan tafi aikin alƙalanci da dangi suka ɗora mini ba tare da sun tambaye ni ba. Mahaifiyarmu, Allah ya ji ƙanta, ta bar ƙanne biyu a ƙasar Diffa, Ya Falmata da Ya Kaltum. Lokacin korona Ya Falmata, wadda ke zaune cikin gari, ta miƙa dantse aka yi mata allura. Ya Kaltum da ke ƙauye a bakin kogin Komadugu ta ce ita ba akuya ba ce da za a bi ta da sirinji. Cutar ta kama su duka biyun. Ta gari ta yi 'yar mura ta warware, ta ƙauye kuwa ta kwanta har aka fara kiran dangi na nesa, sannan ta tashi. Tun daga nan kowacce ke jiran ranar da 'yar uwarta za ta fara cewa wayyo.

Zauren danginmu na waya ya rabu biyu. Yayana Mamman, ma'aikaci a Yamai, shi ne limamin masu allura. Ƙanena Bukar, ɗan kasuwa a Maiduguri, shi ke jan ɗaya sahun. Dukansu sun zama likitoci, kuma rabon kowannensu da ganin tsofaffin tun kafin cutar. Suka yanke cewa ni malamar makaranta ce, ina hutu, sai in je in gano musu wadda ta fi lafiya. Na ce to, amma ba gardamarsu ta tashe ni ba. A saƙon murya na ƙarshe da Ya Kaltum ta turo tana yabon ƙarfinta, na ji numfashinta yana fito tsakanin kalma da kalma, kuma hankalina bai kwanta ba tun ranar.

A cikin kar, babbar motar fasinja, na samu kujera kusa da wani dattijo mai saida kanwa. Kafin mu wuce Mirya ya gama jin abin da zai kai ni.

"Ai wannan ba sai kin je Diffa ba, Malama," in ji shi. "Ni an yi mini allura har biyu, mai ɗakina ko ɗaya. Jiya da dare ita ta yi faɗa, ni na yi haƙuri. To ki lissafa."

Gure zuwa Maine

A shingen Gure aka sauke mu duba katin ɗan ƙasa. Jandarman ya kalli hotona ya kalle ni, kamar ni na ce wa mai hoton ya rage mini shekaru.

"Madam, me zai kai ki Diffa?"

"Duba marar lafiya."

"Wane ne?"

"Ban sani ba tukuna, sai na je."

Ya miƙo mini katina ya ce in hau mota. A Gudumariya na sayi dabino don tsaraba, na ci rabi saboda ramukan hanya sun girgiza mini karin kumallo har ya ɓace. A Maine aka sake sauke mu, aka sake duba fuskokin da aka duba ɗazu, ko sun canza a hanya. Rana ta yi sanyi muka shiga Diffa.

Diffa

Ya Falmata ta san ina tafe, saboda haka na tarar da ita tsaye a tsakar gida da tsintsiya, tana sharar wurin da ko tsinke babu. Da ta ji sallamata ta yar da tsintsiyar ta taho da sauri tana "Wushe, wushe, Zara 'yata!" Ta rungume Bintu, wata baiwar Allah da rikici ya koro daga Najeriya, wadda ke zaune a ɗakin ƙofa. Ni ina gefe da jakata ina kallo. Da Bintu ta yi magana sai tsohuwa ta sake ta, ta ce ai da gangan ta yi, baƙo ba ya riga maƙwabci.

An kawo burabisko da miyar bandar kifi, na ci har na manta aikin da ya kawo ni. Sai ta ce ita za ta zuba shayi da hannunta, don in kai wa Mamman labari. Ta ɗaga buta sama yadda masu gwaninta ke yi, shayi ya sauka daidai gefen kofi, kan tabarma.

"Ya, kofin yana nan," na ce.

"Na gani. Wanke bakin butar nake."

Da ta shiga alwala Bintu ta matso kusa da ni. Ta ce idon tsohuwa na hagu ya daɗe da rufewa, na dama ma hazo yake gani. Ta yi ta roƙo su je likita, wato asibiti, tsohuwa ta ƙi. Dalilinta ɗaya: ranar da aka gan ta a layin masu ciwon ido, kafin magariba labari zai kai ƙauye cewa allura ta makanta Falmata, Kaltum kuma ta yanka kaza.

Na tambaye ta da kaina, "Ya, yaya jiki?"

"Kalewa," in ji ta, wato lafiya lau. "Ki je ki tambayi wadda ba ta yi allura ba."

Bakin Komadugu

Washegari na hau wata a-kori-kura da ke zuwa ɗaukar tattasai. Direban ya ce in zauna gaba saboda girmana, sai na tarar gaban babu ƙofa, igiya ce. Sojoji suka tsayar da mu a hanya suka leƙa buhunan da babu komai ciki. Daga nan sai gonaki, da shanyar tattasai ja wur a ƙasa har iyakar gani, iska na kawo yajinsa kowa na atishawa.

Ya Kaltum ma an gaya mata ina zuwa. Na same ta a gindin turmi da taɓarya, ita da ke da jikoki mata cike da gida. Ta buga sau uku ta jingina taɓaryar, ta ce ba kyau a bar baƙo tsaye. Gaisuwar da ta saba jerowa ba tsayawa, yau guntu-guntu ta fito, tana hutawa a tsakani.

Ita mai haɗa turaren wuta ce da humra. A da, daga Bosso har Maine, amaryar da ba a saya wa na Kaltum ba sai ta ga kamar an rage mata sadaki. Kuma a gidanta ba a ba baƙo ruwa sai an turara shi. Ta ja ni ɗaki, ta sa garwashi a kasko, ta ɗebo turare cike da hannu ta zuba, ta ƙara, ta rufe ƙofa. Hayaƙi ya tashi har na daina ganin bango. Warin ƙonannen tsumma ne da sukarin da ya kama tukunya. Hawaye na zubo mini, ita kuwa tana zaune a tsakiyar hayaƙin tana tari tana murmushi.

"Ƙanshi ko?"

"Ya, sai ke," na ce, don abin da bakina ya iya ke nan.

Muna cikin haka garwashi ɗaya ya faɗo kan gefen zanenta. Ni na ji ƙauri, ita tana ba ni labarin yadda masu allura ke yawan mantuwa. Sai da na fizge zanen na murje wutar da takalmi sannan ta duba ƙasa. Ta ce ta ji, tana jira ne ta gama magana. A nan tsoro ya kama ni sosai, don na gane tun shekarar cutar hancinta ba ya jin komai. Matan ƙauyen duk sun sani. Suna zuwa su karɓi turaren, su yaba, su kai gida su rufe a tukunya, don ba wadda za ta dubi tsohuwa ta ce hannunta ya lalace. Da wannan ladabin nasu suka bar ta kullum cikin hayaƙi da ƙirjin da ke kuka.

"Ya, tarin nan fa?"

"Tattasai ne. Kowa na yi."

"Mu je likita a duba."

"Don Falmata ta yi guɗa? Ki gaya wa Bukar kin same ni ina daka."

Sai na tuna wani abu. A danginmu akwai abin da ba a ƙi ko ana gaba, shi ne jinya. In aka kwantar da mutum a likita, 'yar uwarsa ce ke shimfiɗa tabarma a gindin gado, in kuwa ta ƙi za a yi ta faɗa har bayan ranta. Sai na sassauta murya na ce, "Gaskiya, Ya, ba don ke na ce ba. Ya Falmata ce. Idonta ya tafi, gobe zan kai ta, kuma babu mai zama da ita."

Ban taɓa ganin tsohuwa ta ɗaure kaya da sauri haka ba. Tana ɗaurewa tana cewa, "Allah sarki, Falmata. Na faɗa, na faɗa." Na koma gefe na kira Diffa, na ce Ya Kaltum ba lafiya, ƙirji ne, zan kawo ta, a shirya jinya.

"Alhamdu… wato, Allah ya sawwaƙe," in ji Ya Falmata. "Bintu! Ina sabuwar tabarmar nan?"

Ban yi wa kowacce ƙarya ba.

Likita

Da hantsi muka haɗu a ƙofar likita. Ya Kaltum da tabarma da buta da kwanon sha. Ya Falmata, Bintu na riƙe da hannunta, da tabarma da buta da kwanon sha, har da fulas. Suka gaisa da tausayi mai yawa, kowacce na ce wa 'yar uwarta sannu, ta taka a hankali.

Majo, wato babban malamin jinya, wani Bazabarme mai Hausar Yamai, ya dubi kayan ya dube mu. "Wace ce marar lafiyar?"

Hannu biyu suka tashi, kowanne na nuna ɗayan. Na Ya Falmata ya ɗan karkace ya nuna majo ɗin kansa.

Daga nan su suka yi aikin. Ya Kaltum ta ce wannan ba ta gani, a bikin bara ta gaida buhun shinkafa. Ya Falmata ta ce wannan ba ta iya karanta Fatiha da numfashi ɗaya, a waya ma ana ji. Kowacce ta zayyana ciwon ɗayar tiryan-tiryan, da lokacin da ya fara, da abin da ke tayar da shi. Ashe duk shekarun nan ba abin da suke yi sai gadin juna.

Dokta ta duba su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce na Ya Falmata yanar ido ce irin ta tsufa, ba ruwanta da allura, kuma ana cirewa. Na Ya Kaltum ne bai yi mata daɗi ba. Ta ce cutar kan bar wa wanda ta kayar sosai irin wannan ƙirjin, hayaƙi kuma ya ƙara masa, dole a kwantar da ita yau, kasko kuma ta yi sallama da shi. Na ce dangi na jiran in faɗa musu wadda ta fi lafiya. Ta ce in gaya wa dangi tsofaffi biyu ba sa raba wannan gardamar, su zo su ɗauki buta.

Aka nuna gado. Ya Kaltum ta tsaya ƙiƙam da tabarmarta a hammata.

"Ni jinya na zo. Kuma turarena ba ya sa tari. Ku tambayi kowa, daga nan har Bosso."

Na roƙa, majo ya roƙa, ta juya za ta fita. Na san in ta taka ƙofar nan ba mai sake dawo da ita. Sai Ya Falmata ta yi magana, ba da muryar gori ba.

"Kaltum, humrar da kike aiko mini duk salla, wari take."

Ya Kaltum ta juyo a hankali.

"Tun yaushe?"

"Tun ta farko bayan kin tashi daga cutar."

"Me ya hana ki faɗa?"

"In na faɗa za ki ce don na yi allura nake miki iyayi."

"Sai kika zubar."

"Na shafa. Har biki na je da ita. Aka tambaye ni ta wace ce, na ce ta ƙanwata ce, kuma babu irinta."

Ya Kaltum ta sauke tabarmar daga hammata, ta zauna bakin gado, ta cire takalmanta ta jera su. Ya Falmata ta laluba da ƙafa har ta samu gindin gadon, ta shimfiɗa tata tabarmar. Ni na fita waje, don malamar makaranta ba ta kuka gaban majo.

Komawa

Na ƙara kwana biyu, sai da na ga an fara magani an kuma sa ranar aikin ido, sannan na kama hanya. Shingayen suna nan inda na bar su, ramukan ma ba wanda ya taɓa su. Na iso Damagaram bayan la'asar, ƙafafu a kumbure.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Bintu, wadda ta bar tata ƙasar ta zo tana riƙe hannun tamu tsohuwar, da direban a-kori-kura da igiyarsa da ba ta tsinke ba. Da na kira in ce na sauka lafiya, Ya Falmata ce ta ɗauka. Ta ce in rage murya, Kaltum ta samu barci, ita kuma tana zaune tana sauraron numfashinta.