Addu'ar Surukina da Jirgin da Bai Juya Ba

Ko zan manta komai a duniya, ba na jin zan manta wata safiyar Asabar da na gurfana gaban surukina, hannu biyu a sama ina ta amsa amin, jirgina kuwa yana can yana kutsawa inda aka hana shi. Shekaru sun shuɗe, amma har yau in na tuna sai na ji tsaki ya kuɓuce mini.

Lokacin ina mushe a wani kolej a Tasawa, ina koyar da lissafi. Ban taɓa sa ƙafa cikin jirgin sama ba, amma tun ina ƙarami nake haukansa. Da na samu ordinata, wato kwamfuta, sai na sa mata manhajar koyon tuƙin jirgi, irin wadda ke nuna maka ɗakin matuƙi da allunansa da maɓallansa kamar gaske. Shekara uku ina fama da ita, har abokan aikina suka laƙa mini direban jirgin tabarma. Ana nan sai na ji wata cibiya a Yamai, mai horar da ma'aikatan hasumiya, wato masu ba jirage umarni ta radiyo, tana neman ma'aikata. Aikin shi ne ka zauna gaban na'ura ka zama matuƙin jirgin gwaji, ɗalibi ya ba ka umarni ka bi, shi kuma ya koyi aikinsa. Ga irina, nan ne iyakar kusantar jirgi, kuma na ƙwallafa rai a kai. Aka ce jarrabawar ta intanet za a yi, kowa daga inda yake, minti arba'in, sau ɗaya tak a shekara.

Bari in yi ɗan bayani don a gane irin wautar da na tafka. Jirgin zamani shi ke tuƙa kansa yawancin tafiya. Kafin tashi za ka rubuta masa hanya, ya riƙe ta ya yi ta bi. Sai dai ba shi da kunne. In mai hasumiya ya ce ka bar waccan hanya ka juya, abu uku ne a kanka. Ka maimaita masa umarnin don ya san ka ji, ka murɗa maɓalli ka sa sabuwar lamba, sannan ka ja maɓallin. In ba ka ja ba, lambar tana nan a allo tana kallonka, jirgi kuwa yana bin tsohuwar hanyarsa hankali kwance. Wannan na san shi kamar yunwar cikina.

Ba irin shirin da ban yi ba. Na aro batir ko da za a ɗauke kuran, wato wutar lantarki, na gwada rezon intanet kusurwa-kusurwa har na gano inda ya fi ƙarfi, na kai zakaranmu gidan maƙwabta. Maiɗakina kuwa na ja mata kunne tun daren jajibirin ranar.

Na ce mata, "Ko prefe ne, mai mulkin garin nan, ya yi sallama, ba ni nan."

Ta ce, "To, Malam, ai na ji. Sau nawa za ka faɗa?"

Abin da ban sani ba, ta riga ta buga wa mahaifinta waya a Korgom, ta ce ya sa ni a addu'a. Ita daga can take nufi. Shi kuwa dattijo ya ga abu mai girma irin wanga bai kamata a yi masa addu'a daga nesa ba, sai ya hau bayan moto, wato babur, tun da sassafe.

Ƙarfe goma aka fara. Mai jarraba ni wani tsohon ma'aikacin hasumiya ne, muryarsa a bushe, ba wasa ba dariya. Na ɗaura abin sauraro a kunne, na tashi jirgi daga Damagaram na nufi Yamai, na miƙa wa na'ura tuƙi. Minti ashirin da biyar komai yana tafiya sumul, har na fara raya wa kaina irin gidan da zan kama a Yamai. Sai ya ce in bar hanyata in juya hagu, in bi digiri ɗari biyu da goma, saboda akwai wani jirgi da ke tahowa ta gabana. Na maimaita masa tsaf. Na murɗa maɓalli, lamba ta hau. Saura in ja, sai na ji sallama a bakin ƙofar ɗakin, da muryar da ba ta ɓace mini.

Na waiga, ga surukina ya ɗaga labule, rawani duk ƙurar hanya, ga 'yarsa a bayansa tana murza hannu. Wa zai tare mahaifinsa a ƙofa? Ni kuma, kafin hankalina ya ce wani abu, jikina ya riga ya yanke hukunci. Na tuɓe abin sauraro, na sauka daga kujera, na gurfana. A wajenmu suruki ba ya shigowa ya tarar da kai a kan kujera, bare ka juya masa ƙeya. Na ce a raina gaisuwa ce ta daƙiƙa goma, in koma.

Wanda ya san gaisuwar mutanen Korgom ya san ƙarya na yi wa kaina. Ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi 'yan lakwal da nake koya wa, ya ba ni labarin ruwan da aka samu shekaranjiya da yadda gero ya yi kai. Ina ta "lahiya lau, Baba", idona ɗaya na kan allo. Da na ga ya numfasa na yunƙura zan tashi, sai ya ɗaga hannu biyu ya ce, "To, mu yi abin da ya kawo ni."

Wallahi ban taɓa jin addu'a mai kyau da tsawo irin ta ran nan ba. Ya roƙa mini buɗi, ya roƙa mini basira, ya roƙa wa iyayena gafara. Abin sauraro yana can bisa tebur yana ta zizar kamar zirnaƙo ya shiga tulu, na san mutumin nan ne ke kiran lambar jirgina. Baba ya ce Allah ya sa mai jarrabawa ya ji daɗin aikina, na ce amin. Ya ce Allah ya tsare jirgin daga haɗari, na ce amin, ina kallon ɗigon ɗayan jirgin yana matsowa kan nawa. Tsakanina da maɓallin nan bai fi taku biyu ba. Amma ta yaya zan sauke hannu tsakiyar addu'ar suruki? Zufa ta jiƙa mini riga, haushi ya cika ni, na rasa wanda zan ji wa. Sai na'ura ta ɗauki kururuwar gargaɗi, shi kuwa Baba ya ɗaga murya don ya rinjaye ta.

Ko da muka shafa, allo ya tsaya cik. Na mayar da abin sauraro, na fara ba da haƙuri. Mutumin ya katse ni, kuma bai ko ɗaga murya ba.

Ya ce, "Mushe, da ba ka amsa umarnina ba, da na san ba ka ji ba, in kau da ɗayan jirgin. Amma ka amsa, na dogara da maganarka. Sau shida na kira ka. Sai baɗi, in Allah ya kai mu."

Baba ya leƙo allon da murmushi ya ce, "An ci?"

Na yi masa bayani a taƙaice, kaina a ƙasa, ina zaton zai ba ni haƙuri. Ashe faɗa ne ke jirana.

Ya ce, "Kai ɗan nan, bakinka ciwo yake? Ni da na taso tun asuba saboda aikin, ni za ka ji wa kunya ka saki aikin? Da ka ɗaga mini yatsa ɗaya ai da na zauna a zaure har la'asar. Sana mai jan kaya ya san hanyar kasuwa, ina gyangyaɗi bisa amalanke yake kai ni. Amma ran da aka ce mini ruwa ya yanke hanya, ba na sakin igiya don in gaida kowa."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gaskiya ya faɗa. Na so in ɗora wa maiɗakina, kwana biyu ba na cin tuwonta da daɗin rai. Na so in ɗora wa na'ura, alhali ita abin da na rubuta mata da safe shi ta bi. Duk inda na juya sai laifin ya dawo gabana ya zauna. Haka na koma aji na ƙara shekara guda ina shan alli, abokan aiki suna tambayata ko jirgin tabarma ya sauka lafiya.

Da shekara ta zagayo ban gaya wa kowa ranar ba, amma magana ba ta ɓuya tsakanin uba da 'ya. Ranar jarrabawar na fito da safe na tarar da Baba a ƙofar gida, ya shimfiɗa tabarma, sandarsa a gicciye. Bai bari na gurfana ba, hannu kawai ya kaɗa mini in koma ciki. Daga baya aka gaya mini har mai unguwa ya zo nemana, Baba ya ce masa, "Yana sama, sai ya sauko." A wannan karon na ci.

Yanzu shekarata da yawa a aikin, Baba kuma Allah ya yi masa rasuwa, Allah ya jiƙansa. Duk sabon da aka kawo mini in koya masa, ina gaya masa na'ura ba ta jin hasumiya, kai ne kunnenta, kuma in ka amsa umarni ka ɗauki alkawari, kada ka ɗauke hannu sai ka ga jirgi ya juya. Ɗaya darasin kuwa kaina nake faɗa wa. Kunya ado ce, amma wadda ta hana ka ce wa babba "Baba, dakata kaɗan" ba shi ta girmama ba, don ranar da na faɗi, duk da faɗan da ya yi mini, har ya hau moto ya koma Korgom bai iya haɗa ido da ni ba, yana ganin shi ya ja mini.