Abin da Likitan Zuciya Ya Faɗa wa Mijina

Da damina na haifi 'yata ta uku, nan Kontagora. Tun kafin suna na lura ba ta shan nono yadda yayyenta suka sha. Takan kama ta ja kaɗan, sai ta saki tana haki, gumi ya jiƙe mata goshi. In ta yi kuka leɓɓanta su yi duhu kamar an shafa shuni. A asibitin garinmu likita ya daɗe yana sauraron ƙirjinta, sannan ya tura mu wani babban asibiti a Abuja a ɗauki hoton zuciya.

Bayan hoton, likitan zuciya ya kira mijina ciki shi kaɗai, aka bar ni a benci da jaririya. Da ya fito sai ya ce ɗan rami ne a zuciyar, zai toshe da kansa. Bai dube ni ba da yake faɗa.

Daga nan na fara sa masa ido. In wayarsa ta yi ƙara sai ya fita zaure ya rage murya. Mahaifiyarsa, wadda ba ta saba lallashina ba, ta shiga kawo mini kunun kanwa da kanta tana ce mini in yi haƙuri. Haƙurin me, in rami ne mai toshewa? Da lokacin komawa asibiti ya yi mijina ya ce babu buƙata. Na ce to zan tafi da yayana. Sai ga shi ya shirya.

A can na ji wata nas tana magana, Hausarta irin ta mutanen Salka, garin mahaifiyata. Na gaishe ta da Kambarci, na roƙe ta ta faɗa mini gaskiya. Ta ce ba ita za ta faɗa ba, amma ta shigar da ni wurin likitan, ta tsaya tana fassara. Mijina ya biyo mu.

Ba rami ba ne. Ɓari ɗaya na zuciyar ne bai girma ba. Likitan ya ce hanya biyu ce. Ko tiyata, ba sau ɗaya ba, ana yi ana jira yarinya ta ƙara girma a sake yi, wataƙila ma sai an fita ƙasar waje, kuma wasu yaran ba sa tashi daga ta farko. Ko mu koma gida da magani mai sauƙaƙa mata numfashi, mu kula da ita iya kwanan da Allah ya ba ta. Duk wannan ya riga ya faɗa wa mijina tun zuwan farko.

Shi ma likitan ban yarda da shi duka ba. Na tambaya ko da 'yarsa ce haka zai ce. Ya amsa cewa ko 'yarsa ce ba zai iya yi mata alkawarin tashi ba.

A mota na ce, "Malam, zaɓa mini ka yi, ko ɓoye mini ka yi?"

Ya ce, "Jego kike yi. Na ji tsoron kada in rasa ku duka biyu."

Mun koma gida da maganin. Nakan tatsi nono in ɗiga mata da ƙaramin cokali, in kwantar da ita a ƙirjina saboda ta fi samun numfashi a haka. Ta rasu da kaka, ana yankan dawa, da hantsi, a hannun mahaifinta.

Bayan shekaru na ji labarin wani yaro a Kumbashi da aka yi wa aikin zuciya ya rayu. Ban gaya wa kowa ba na shiga mota na je. Uwarsa ta ɗaga masa riga ta nuna mini tabon ɗinki a ƙirjinsa, ta ce nasa rami ne aka toshe. Na tambaye ta ko ita da kanta ta ji daga bakin likita. Ta ce a'a, maigidanta ne ya shiga.